Dogo Mai Tayil Bai Ce Ya Warke Ba

Jama'ata, barkanku da war haka. Masu karantawa a ɓoye a wurin aiki, ina ganinku, ku rage hasken waya kar oga ya cafke ku. Yau soyayya na kawo muku, har da aure a ƙarshe, amma mai neman dariya zalla ya yi haƙuri, wannan tana da nauyi. Ku gyara zama.

Wata Litinin da hantsi, Auta na zaune bayan 'yar tagar ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti, tana manna lamba a jikin kwalaben jini, sai wani saurayi ya leƙo. Sai da ya ranƙwafa kafin fuskarsa ta shigo tagar. Gwiwoyin wandonsa sun yi fari da siminti, yatsunsa duk tsaga.

"Likita, gwajin ƙwaya nake so."

"Ni ba likita ba ce. Ina takardar?"

"Wacce?"

"Ta wanda ya turo ka. Kotu ce, ko wurin aiki, ko iyayen yarinya?"

"Ni na turo kaina."

Auta ta ɗago ta dube shi sosai. Shekara biyu tana bakin tagar nan. Ta ga waɗanda aka jawo da ƙyar, ta ga masu ɓoyo fitsarin wani a aljihu, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kawo kansa ba.

"To kai ba ka san abin da ka sha ba ne?"

"Na sani. Sai dai mutumin nan," ya nuna ƙirjinsa, "shekara shida yana yi min ƙarya. Na daina karɓar shaidarsa."

Ta danne dariya ta miƙa masa 'yar roba. Gwajin ba wuya: a tsoma ɗan tsinke a fitsari, a jira minti biyar. Layi biyu suka fito, jiki fes yake. Layi ɗaya ya fito, akwai magana. Nasa ya fito biyu raɗau. Ya karɓi takardar, ya ninke ta a tsanake kamar takardar fili, ya ce sai wata mai zuwa.

Kuma ya dawo. Duk Litinin ɗin farko ta wata sai ga dogon wuyansa a taga. A hankali ta san Dogo ake ce masa, shimfiɗa tayil ne sana'arsa. Shekara shida ya yi yana shan kodin da ƙwaya, ya yi wata takwas a gidan gyaran hali, yanzu shekara biyu da ɗoriya rabonsa da su. Shi ya faɗa mata da bakinsa, ba tare da ta tambaya ba, kamar mai ba da adireshin gidansu.

A wata na huɗu ya ce, "Ki ba ni lambarki, in sakamako ya fito ki turo min."

"Minti biyar ne fa, kana tsaye."

"To ki turo min ina tsaye."

Kun dai san sauran. Ta bayar.

"Likitata, yau ɗaki uku na shimfiɗa, ko ɗaya bai karkace ba sai na ƙarshe. Shi ma laifinki ne, ke kika faɗo min a rai. Kin ci abinci?"

"Mara lafiyana, ka ɗaga karkataccen ka sake, ba na son aikin ha'inci. Na ci. Kai na san ruwa ka sha ka ce ka ƙoshi."

"Wallahi kin fi tsinken nan naku kama mutum."

Soyayya ta yi daɗi, amma Auta ba ta kai maganarsa gida ba. Tana da dalili, kuma dalilin yana kwance a ɗakin baya na gidansu.

Yayanta ne, babban ɗan Baba. Sau uku ana kai shi gidan gyaran hali. Sau uku yana dawowa da ƙiba da sabuwar riga, ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Wallahi Baba na warke." Sau uku tukunyar gas da dutsen guga da keken ɗinkin Mama suna yin ƙafa su bar gidan. Yanzu ƙofar ɗakin Mama kwaɗo biyu gare ta. Yaya kuwa yana ɗakin baya, magana ba ta fita daidai, hannunsa na dama ba ya daina rawa. Baba, tsohon direban manyan motoci da ba ya tsoron hanya, in ya zo wucewa ta ƙofar ɗakin sai ya kawar da kai.

Auta ta so ta shigar da maganar Dogo sannu sannu. Wani ya riga ta.

A asibitin akwai mai kula da rajista, ana ce masa Mai Turare, don ƙamshinsa ke fara yin sallama kafin shi. Shekara guda yana bin Auta tana zillewa. Ya ga sunan Dogo a rajista wata bayan wata, ya ga yadda take gyara mayafi duk Litinin ɗin farko, sai ya shirya tsaf ya je gaishe da Baba. A cikin gaisuwar maganar ta "suɓuce" masa.

Da ta dawo aiki da yamma, Baba na falo, rediyo a kashe.

"Auta, ɗaya bai ishe mu ba?"

Ta durƙusa. "Baba, ya daina."

"Na taɓa jin haka."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwafin takardunsa da ta daɗe tana tarawa, ta jera su a gabansa. "Duk wata yake gwaji, Baba. Ba wanda ya tilasta masa. Da hannuna nake yi. Ko sau ɗaya ba a samu komai ba."

Baba ya sa tabarau ya duba biyu, ya ajiye. "Takarda labarin jiya take bayarwa. Ni gobe nake tambaya." Ya cire tabaran. "Ki nuna min mutum ɗaya tak da ya shiga abin nan ya fita har abada. In gan shi da idona, in ji daga bakinsa. Sai mu yi magana."

Washegari ta samu Dogo a wani gini da yake aiki, suka zauna kan buhunan siminti, ta faɗa masa.

"Akwai Baban Biyu," ya ce. "Mai gyaran firji. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da ƙwaya. Yana da mata da tagwaye. Shi ya ɗauko ni daga bakin kwata ya kai ni inda aka gyara ni."

"Shi ke nan, an gama."

Dogo bai yi murna ba. Ya riƙa kankare siminti daga farcensa. Ya ce duk Alhamis da yamma suna da zama, su tsofaffin mashaya, kowa ya faɗi yadda satinsa ya wuce. Baban Biyu ne ya fara kai shi. Amma shekara guda ke nan Baban Biyun ya daina zuwa. Ya ce shi ya warke, me zai je yi cikin masu ciwo.

"To ai gaskiyarsa ce," in ji Auta.

"Wataƙila. Amma Likitata, ni fa ban taɓa ce miki na warke ba."

"Ka ce wa Baba kawai. Kalma biyu ce."

"In na faɗa masa, ni ma zan ji. Kunnena na kusa da bakina."

"Wato ka fi son ka rasa ni?"

"Na fi son ki san wanda za ki aura. Har yau in na bi ta wani layi, yawuna tsinkewa yake yi. Shi ya sa nake zagaye."

Ta tashi ta karkaɗe siket ɗinta cikin fushi. Kafin ta kai titi saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, kin tafi da fushi kin bar min ƙamshi, aiki ya gagara. Zan kawo Baban Biyu ranar Asabar bayan la'asar. Ki yi min murmushi ko na bogi ne."

"Na yi. Na bogi ne. Ka sa riga mai kyau."

Ranar Asabar Mama ta share falo, Baba ya sa babbar riga tun azahar. Auta na goge kofuna saƙo ya shigo.

"Baban Biyu ya rasu. A shago aka same shi da safe. Muna hanyar maƙabarta."

Daga baya ta ji yadda aka yi. Wata uku da suka wuce firji ya suɓuce masa, bayansa ya riƙe. Bai je asibiti ba, bai gaya wa kowa ba, ya sayi ƙwaya da kansa. Me za ta yi wa mutumin da ya warke? Ɗaya ta koma biyu. Ranar ƙarshe ya sha adadin da yake sha a da, jikin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana hutawa bai iya ɗauka ba. Matarsa ce ta same shi zaune tsakanin firji biyu, sukundireba a cinyarsa.

Baba ya jira har magariba, ya cire babbar rigar ya rataye. Bai tambayi komai ba.

Daga wannan saƙon wayar Dogo ta mutu.

"Dogo, Allah ya jiƙansa. Ka kira ni."

"Mara lafiyana, ko harafi ɗaya ka turo min in san kana numfashi."

"Ba fushi nake ba. Tsoro nake ji."

Litinin ta zo, kuma ta farkon wata ce. Duk inuwar da ta gifta tagar sai Auta ta ɗago. Har aka tashi bai zo ba. Mai Turare ya tsaya bakin ƙofa yana kaɗa mukulli.

"Yau mutuminki shiru. Ko an koma gidan jiya ne?"

"Ka matsa, ƙamshinka na ɓata min jinin mutane."

Ta faɗa da ƙarfin hali ne kawai. Ta san wannan shirun. Ta girma a cikinsa.

Talata da rana ta nemi izini, ta sa roba ɗaya da tsinke ɗaya a jaka, ta nufi ginin. A bene na biyu ta same shi, cikin wani ɗaki da ba ƙofa ba taga, durƙushe yana kankare ƙasa. Ya rame. Idonsa ja wur.

Ba ta gaishe shi ba. Ta ajiye robar a gabansa.

Ya dube ta, ya dubi robar. Ta yi zaton zai yi fushi, kamar yadda Yaya ke yi, ya ce ba a yarda da shi ba. Sai ya ɗauka kawai ya fita. Ya dawo ya miƙa mata. Ta tsoma tsinken, ta ɗora shi kan kwalin tayil, ta duba agogo.

"Kafin ya fito," ya ce, "na saya."

Ta zauna kan bokiti.

"Jiya da safe. Wurinki na nufa, sai ƙafata ta bi layin nan da nake zagayewa. Mutumin bai ma tambaye ni me nake so ba. Ya ce kwana biyu, ya miƙo min kwalbar kodin."

"Ka sha?"

"Ga shi nan zai gaya miki."

"Kai nake tambaya."

"Na kawo ta nan na ajiye a gabana, daga safe har la'asar. Ina cewa a raina, wanda ya yi shekara sha ɗaya ya faɗi, ni mai uku wa nake ruɗa? Na buɗe murfin. Na shinshina." Ya goge fuska da bayan hannu. "Sai na juye ta cikin kwaɓin siminti, na shimfiɗa tayil a kai."

Ya nuna inda yake kankarewa. Tayil huɗu na jingine da bango, simintin ƙarƙashinsu jiƙe shakaf.

"Ya ƙi kamawa. Kwana guda cur. Zaƙin abin ya hana shi bushewa. Ko siminti ya sha, ba ya iya tsayuwa."

Dariya ta so kuɓuce mata, kuka ya riga ta.

"To me ya hana ka zuwa jiya?"

"Tsinkenki zai ce ba komai. Ni kuma na san akwai."

Ta juya ta duba. Layi ɗaya ya fito baƙi ƙirin. Ta tsura wa gefensa ido har ta daina ƙiftawa. A hankali na biyun ya taso.

Sannan ta ce, "Wannan maganar ta mutu a ɗakin nan. Baba ba zai ji ta ba."

"Zai ji."

"Dogo, don Allah."

"In na ɓoye kwalba ɗaya, na san inda zan ɓoye ta biyu. Haka Baban Biyu ya fara, da ciwon baya da bai gaya wa kowa ba."

Ranar Laraba bayan la'asar ya zo shi kaɗai. Auta na bayan labule, Mama riƙe da hannunta.

"Ina mutumin da za ka kawo min?" in ji Baba.

"Mun binne shi ranar Asabar, Baba. Ita ce ta kashe shi."

"Bayan shekara nawa?"

"Goma sha ɗaya."

Baba ya jinjina kai. "To kai fa? Ka warke?"

Auta ta matse hannun Mama.

"A'a, Baba. Shekara uku ban sha ba. Amma shekaranjiya na saya, na zubar. Akwai masu cewa ana rabuwa da ita kwata-kwata, wataƙila gaskiya ne, ban san cikin kowa ba. Ni dai tana nan tana jirana. Abin da na iya shi ne in hana ta yau, in kuma faɗa in ta matso."

Daga ɗakin baya Yaya ya yi wani dogon tari.

"Tashi ka je," in ji Baba.

Sati uku ba a sake tayar da zancen ba. Auta na zuwa aiki tana dawowa kamar wadda aka zare wa laka. Mai Turare ya ƙara turare. Sai wata Juma'a da safe Baba ya kira ta.

"Jiya na je wurin zaman nasu," ya ce. "Na zauna a baya. Mutum goma sha huɗu, har da mai furfura kamata. Naki ya tashi ya ba su labarin kwalbar, bai san ina nan ba. Abin da ya faɗa min shi ya faɗa musu, bai rage ba." Ya gyara zama. "Yayanki sau uku yana rantse min. Wannan na buɗe masa ƙofar da zai yi ƙarya ya samu mata, ya ƙi shiga. Ban ce hankalina ya kwanta ba. Auta, kin san abin da za ki ɗauka? Ranar da ya yi lattin dawowa, wata matar budurwa za ta zarga. Ke gawa za ki zarga."

"Na sani, Baba. A gidan nan na girma."

"Kuma kina so?"

Ta yi tunanin matar Baban Biyu, shekara goma sha ɗaya tana barci da kwanciyar hankali. Ta yi tunanin tayil huɗu jingine da bango.

"Ina so."

An ɗaura aure wata biyu bayan haka, ba hayaniya. Mutanen zaman Alhamis suka cika layi ɗaya. Matar Baban Biyu ta aiko da tagwayenta da saƙon fatan alheri. Yaya ya fito daga ɗakin baya da wankakkiyar riga, ya ja Dogo gefe ya tambaye shi ƙarfe nawa ake zaman. Dogo ya gaya masa. Alhamis ta zo bai je ba, ta bayanta ma haka.

Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya tsare shi, ya tsare ki da shi." Sannan ya dubi ango. "Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Amma ɗakinta yana nan yadda ta bar shi. Ba zan kwashe gadon ba."

"Kar ka kwashe, Baba," in ji Dogo.

Washegari da safe suna zaune a ɗan ɗakinsu, rana na shigowa ta taga, ya riƙo hannunta da yatsunsa masu kaushi.

"Likitata, wasu angwayen shekara hamsin suke alkawari. Ni yau kawai gare ni."

"Kawo ta," ta ce. "Gobe ka sake kawowa."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya kawo wa duk mai fama da wannan jarabar sauƙi, shi da masu jiransa a gida.

To jama'a, ga ku ga fili, kuma ban da cika baki. Ke 'yar'uwa, da ke ce zaune kan bokitin nan kika ji ya ce "na saya", za ki tsaya jiran layi na biyu ko jakarki za ki ɗauka? Kai kuma da kai ne Baba, mutum ya dubi idonka ya ce bai warke ba, za ka ba shi 'yarka?